Irin Tonkan Kawu Nomau

Yanzu idan saurayi yana son noman tonka, wanda mutanen Kano ke kira barkono, sai ya shiga kasuwar Madawa ya sayi iri cikin 'yar takarda mai hoto, ya tada injin ban ruwa, ya koma inuwa da rediyonsa har fangali ya cika. In irin bai yi masa ba, baɗi ya sayi wani. Shi ya sa nake jin samarin unguwarmu suna cewa albasa ce sana'ar maza, tonka kuwa ko tsohuwa ta watsa shi bayan ɗaki zai fito. Lokacin da na shiga wannan sana'a ba a sayar da iri ko'ina cikin Adar. Kowace garka da nata wanda ta gada, kuma in ya ɓace babu kantin da za a je a nemo shi. Ni na ɓatar da ɗaya da hannuna. Labarinsa zan ba ku, tare da yadda aikin yake.

Bayan shekarar fara, wadda ta cinye gero a tsaye tun daga Kaita har Madawa, gidanmu ya watse neman abinci. Uwata ta tura ni wurin wanta, Kawu Nomau, a wani ƙauye cikin kwari tsakanin Karofane da Buza. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka. Na tarar gida uku kaɗai ake hura wuta kullum a ƙauyen, ɗaya na kawu ne. Ba gero ya fi kowa nomawa ba. Tonka ne ya riƙe shi. Abzinawa masu ayarin gishiri suna karɓar tonkansa su ba shi kantu, shi kuma ya ɗora gishirin a jaki ya gangara ƙasar Sakkwato ya musanya da dawa.

Tonkan ɗan siriri ne, tsawon ɗan yatsa, ja wur, fatarsa ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Kwana huɗu a rana ya bushe ƙayau, in ka girgiza shi ka ji 'ya'yan suna motsi a ciki. Yana kwana damina a rumbu bai yi baƙi ba, ya hau raƙumi ya ƙetare hamada har Bilma da launinsa. Uban kawu ne ya zo da shi. Mutanenmu sun zauna ƙarƙashin Abzinawa tun kakanni, kuma tsohon ya yi shekaru yana jan ruwa a garakan iyayengijinsa can cikin duwatsun Abzin. Da ya dawo gida bai zo da komai ba sai 'ya'yan tonka ƙulle a bakin rawaninsa.

Aikin farko da kawu ya ba ni jan ruwa ne. Rijiyar garka gaba uku ce, da jigo a bakinta: doguwar sanda bisa gwafa, dunƙulen laka a gindinta, wasaki, wato gugan fatar akuya, a ɗaya bakin. Ka ja igiya ƙasa, ka sassauta, nauyin laka ya ɗago ruwan, ka juye kan guntun tabarma don kada ya haƙe bakin magudana. Fangali sittin ne, kowane yana shan wasaki kusan arba'in. Ranar farko na ja da ƙarfin damtse don a san ƙato ya zo. Kafin azahar tafin hannuna ya fashe, kuma rabin garka bai sha ba. Kawu ya karɓi igiyar, shi da ya ba hamsin baya, ya gama sauran yana hira da ni. Ya ce da ƙugu ake jan jigo, hannu riƙo ne kawai nasa. Daga baya ya koya mini abin da ya fi wannan wuya, wato hana ruwa. In tonka ya ɗaure 'ya'ya, sai a bar shi da ƙishi har ganyensa ya ɗan langaɓe kafin a ba shi. Wanda ya ƙoshi da ruwa yana yin girma, amma ba ya da faɗa a baki.

Reno ana yinsa ne ƙarshen damina, ƙarƙashin 'yar rumfar zana, a ƙasar da aka gauraya da tsohon takin awaki da toka. In ɗan tsiro ya yi ganye shida sai a cire shi da lakarsa, a dasa da la'asar, a danne gindin da babban yatsa. Kalme ne abin aikinmu, fartanya mai gajeriyar ƙota, sai ka duƙa. Na yi dashe na farko na karya wuyan tsiro fiye da ɗari, kawu ya sa na zauna na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

Garkar kawu ita kaɗai take, nesa da na sauran mutane, bayan wata tsamiya. Rijiyoyin ƙauye suna can ƙasa inda ruwa ya fi kusa, amma shi ya zaɓi wahala. Dokarsa ɗaya ce: kada wani tonka ya yi fure kusa da nasa. In tsuntsu ya yar da ƙwaya ta tsiro a gefen shinge, zai tumɓuke ta tun ba ta san inda take ba. Na tambaye shi dalili, ya ce tonkan nan ba ya son maƙwabci. Mutanen ƙauye kuwa sun kasu biyu, wasu suna cewa rowa ce, wasu suna cewa akwai abin da ya ƙulla da masu tsamiyar.

Tsinka da shanya su ne inda sabon shiga ke kuka. Ana tsinka da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a shanya a kan falalen dutse, a riƙa juyawa da reshe. Kwana biyu cikin aikin hannunka zai riƙa zafi kamar ka riƙe garwashi, in ka manta ka yi alwala ka shafi ido, sallar nan da hawaye za ka yi ta. Matar kawu, Inna Tsahara, ita ke shafa mana man shanu a yatsu. Ita ce kuma mai iri. Daga tsinkar farko take zaɓen mafi kyau a fangulan tsakiya, ta rataye su saman murhu su sha hayaƙi, sannan ta ɓare, ta zuba 'ya'yan a gyanɗama da toka, ta liƙe bakin da laka. Gyanɗama biyu ce kullum a ɗakinta, ta bana da ta bara, don ko reno ya lalace. Sauran tonka kuwa, duk wanda zai fita gidan, sai ta juya shi cikin yashi mai zafi a babban kasko. Wannan yana kashe ƙwari, yana kuma kashe ƙwayar, ko an shuka ba za ta fito ba. Ba a taɓa ba kowa iri ba, ko mai gari.

Da kaka ayari ke sauka bayan ƙauye. Madugunsu Agali ne, dogon mutum mai dariya a cikin rawani, wanda ubansa ne uban kawu ya yi wa bauta. Duk shekara abu ɗaya yake yi. Ya tsuguna gaban buhu, ya cusa hannu har gwiwa ya zaro ɗaya daga ƙasa, ya karya kusa da hanci, ya yi atishawa uku, ya taɓa a bakin harshe. Daga nan sai ya fara neman nono da hannu biyu, yana cewa Nomau na son ya kashe shi ya gaji raƙumansa. Kawu ya ce raƙuman da ƙashinsu ke lissafuwa daga nesa, ko kyauta ba ya so. Sai an sha wannan kafin a fara awo da tiya, wato kwanon awonmu.

Na yi shekara huɗu a garkar, sannan ƙafa ta ja ni. Na bi fatake zuwa Zabarma, inda suke ce wa tonka tonko. Na sauka Kumasi na yi dako, na yi Ikko, na dawo ta Barno. Ko'ina na je sai na leƙa tukunya da garka. A ƙasar Yarbawa na ga attarugu, mai ƙumbo kamar hular yaro, mai ƙanshi, wanda ake niƙawa ɗanye a dutse, ba a ajiye shi. Na ga tsiduhu, ɗan mitsitsi wanda tsuntsaye ke shukawa a kangaye, ya fi kowa cizo amma tsinkarsa na cin yini. A bakin kogin Komadugu na ga tattasai shimfiɗe a ƙasa har iyakar gani, kowane ɗaya ya cika tafin hannu, mai nama, mai rina miya, zafinsa kaɗan. Wani akawun jirgin ruwa a Ikko ya gaya mini cewa dukansu baƙi ne a ƙasashenmu, jiragen Turawa ne suka ɗauko su daga wata ƙasa bayan teku tun da daɗewa, kafin nan masoro da kimba da citta ne yajin kakanninmu. Da na faɗi haka a gida tsofaffi suka ce ƙarya yake, tonka daga Gabas ya zo da alhazai. Ban iya raba musu gardama ba.

Abin da na tabbatar da bakina shi ne zafin ba a ƙwaya yake ba, yana cikin farin zaren da ƙwayar ke manne da shi. Ruwa ba ya kashe shi, sai nono ko mai. Amfaninsa kuwa kowace ƙasa da abin da ta sani. A wurinmu mai jego ba ta rabuwa da yaji a kunu, mai mura a yi masa romo da tonka ya yi zufa hancinsa ya buɗe, wanda ciwo ya ɗauke wa cin abinci a barbaɗa masa a tuwo. 'Yan ayari suna cewa yana ɗumama su cikin sanyin hamada, kuma yana sa a iya haɗiye abinci iri ɗaya wata biyu. Amma na ga iyakarsa. A shekarun yunwa na ga mutane suna dafa ganyen daji su zuba tonka don ya wuce maƙogwaro, cikin da babu komai kuwa tonka yanka shi yake. Mai gyambon ciki da mai basir su ma sun san ba abokinsu ba ne.

Na dawo gida cikin yaƙin Turawa, da 'ya'yan tattasan Barno ƙulle a tsumma. Na tarar an rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, mai kai gishiri Sakkwato sai ya bi daji, in gardawa, wato dogaran Turawa, sun kama shi su ƙwace jakin. Ana kwasar maza aikin hanya, ana auna gero daga rumbunan mutane a kai bariki. A wannan shekarar ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Sannan a ƙarshe, lokacin da ba mai bukatarsa, ya sauko rana ɗaya bisa duwatsu, ƙorama ta taso ta share renon da muka yi da irin gyanɗamar bana. Inna Tsahara ta fasa bakin ta bara, muka sake reno. Ɗakinta ya zama babu iri ko ƙwaya ɗaya, duk abin da gidan ya mallaka yana cikin ƙasa. Kafin dashe kuma kurkunu ta fito wa kawu wuri uku a ƙafa, ya kwanta, garka ta dawo hannuna.

Lissafina a lokacin ba na wauta ba ne, shi ya sa nake so ku ji shi. Tonkan kawu ba ya zama abinci sai ayari ya zo, kusan shekara ke nan a gaba, kuma hanyar Sakkwato a rufe. Tattasai kuwa ana cinsa ɗanye, kuma na san kukun bariki da matan sojoji a Madawa suna nemansa ba sa samu, za su ba da gero a kansa nan take. Geron gidanmu ba zai kai tsakiyar rani ba. Na duba rijiyoyin ƙasa, duk masu su sun cika wurin da albasa. Sai na tuna garakan Kumasi inda na ga iri huɗu a fangali ɗaya, ba wanda ya mutu. Na yi renon tattasai a gefe, na dasa fangali takwas a wutsiyar magudana, taku biyar daga tonkan kawu.

Inna Tsahara ta kawo mini fura wata rana ta gani. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu ta tambaye ni ko kawuna ya sani. Na ce zan gaya masa ranar da na kawo geron farko. Ta ce ita ba za ta kai wa mai ciwo wannan magana ba, amma in sani ba ta gani ba, ba ta ji ba. Ta ajiye furar nesa da fangulan ta tafi.

Kawu ya iso garka ranar da ya fara iya taka ƙafa, yana dogara sanda. Lokacin duka biyun sun yi fari da fure, zuma na ta shawagi a kai. Ya tsaya a bakin shinge ya duba su. Sannan ya tambaye ni yaushe suka yi fure, na ce kwana ashirin ke nan.

"Duka biyu tare?"

"Tare, kawu."

Na shiga ba shi labarin Kumasi da Komadugu, da lissafin gero. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Illa," ya ce, "ka ga ƙasa da yawa, ka ji bakin mutane da yawa. Cikin waɗanda ka gani, akwai wanda tonka nai ka kwana damana shi tahi Bilma?"

Babu, kuma ban taɓa tambayar kaina ba. Duk inda na ga ana gauraya iri, ɗanye suke ci ko su sayar cikin wata. Na ce to bari in tumɓuke tattasan yanzu.

"Bar su. Abin da za su yi sun gama. Ku ci, akwai yunwa."

Muka ci kuwa. Tattasan nan ya kawo mana geron wata biyu daga Madawa, har maƙwabta suka samu. Tonkan kawu kuma ya nuna kamar kullum, siriri, ja, mai cizo, babu abin da ya same shi. Inna Tsahara ta zaɓi iri daga fangulan da suka fi nisa da nawa. Agali ya zo da kaka ya yi atishawarsa ya sha nononsa ya ɗauka. Ni kuwa na riƙa faɗa a ƙofar masallaci cewa tsofaffi suna tsoron abin da babu. Maganar ta koma kunnen kawu, ya ce a gaya mini in jira baɗi.

Tun a reno muka fara gani. Wasu tsirrai ganyensu ya fi faɗi, kawu ya bi yana cire su, amma ba duka ake ganewa ba. Da suka ɗaure 'ya'ya sai garka ta zama kamar kasuwa. Wani gajere mai kafaɗa, wani dogo mai lanƙwasa, wani siffarsa daidai amma ka tauna ka ji kamar kuɓewa, wani da zafi amma fatarsa da kauri. Kafin mu gane su kuma sun riga sun yi fure cikin 'yan uwansu. Muka zauna mu uku muna tsincewa ɗaya ɗaya, muka ware waɗanda suka yi kama da na da. A kan dutse, maimakon kwana huɗu, sai da suka yi tara, kuma wasu sun bushe a waje ne kawai. Bayan damina da muka buɗe rumbu, wari ne ya fara fitowa. Masu naman sun ruɓe a tsakiyar buhu sun shafa wa na kusa da su baƙi.

Agali ya tsuguna gaban buhun da muka fi yarda da shi. Ya zaro ɗaya ya karya, bai yi atishawa ba. Ya zaro na biyu, ya zaro na uku. Na ukun ya jefa shi duka a baki ya tauna ya haɗiye. Inna Tsahara na tsaye da ƙwaryar nono, bai dube ta ba.

"Nomau, wa ya mutu garkarka?"

"Ba wanda ya mutu, madugu. Baƙo munka yi."

Agali ya dube ni, don duk kwarin an san wanda ya kawo tattasai. Sannan ya miƙe daga gaban buhun. Ya gaya wa kawu cewa mutanen Bilma da sunan Nomau suke karɓar tonka ba su buɗe buhu, ba zai kai musu abin da zai yi baƙi a hanya ba. Ya ɗauki buhu biyu saboda abin da ke tsakanin iyayensu, ya bar mana kantu ɗaya, inda a da yake barin goma sha. Kawu ya roƙe shi ko akwai ragowar tonkan shekarun baya a gidansa. Ya ce matarsa tana da ɗan abin da ta ɓoye a jakar fata, zai aiko. Ya aiko kuwa, cikin tafin hannu biyu.

Kawu bai jira wannan kaɗai ba. Ya tuna 'yarsa Hassana da ke aure a Garhanga, an kai mata tonka lokacin jegonta shekara uku da suka wuce. Muka tafi a ƙasa, kwana biyu, shi da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Muka tarar ta daka kusan duka, amma a gindin tukunya akwai guda bakwai da ba su fashe ba. Kawu ya naɗe su a bakin riga kamar zinariya. A hanyar dawowa muka ratsa Deule, ya shiga gidan duk wanda ya taɓa saye a wurinsa, mutanen da ya hana iri shekara talatin, yana gaishe su yana tambaya. Wasu suka ba shi abin da suke da shi, wani kuma ya ce masa ai shi ya san ba ya tsira, ya gwada sau uku.

Da muka iso gida Inna Tsahara ta dubi guda bakwai ɗin nan ta ce kada ya wahalar da kansa, na Hassana ma ta juya su a yashi. Kawu ya ce har na ɗiyarki? Ta ce haka ta tarar uwarsa tana yi, duk abin da zai fita ƙofa, ba a ce mata ban da ɗiya ba. Duk da haka muka shuka su, da na Agali, da na Deule, kowane a gefensa ƙarƙashin zana. Na ba su ruwa safe da yamma kwana ashirin da biyar. Ciyawa ta fito, na cire. Ba abin da ya biyo ta.

Ranar da muka yaye zanar ne na yi masa tambayar da ke bakina tun bara. Na ce da ya gaya mini dalilin dokar tun farko, da ban karya ta ba.

"Wane dalili?" ya ce. "Babana ya ce mini kada, ban yi ba. Kai ma na ce maka kada."

Shi ma bai sani ba. Sai bayan shekaru da yawa wani malamin gona a garin Tawa ya bayyana mini cewa zuma ce ke ɗaukar garin fure daga wannan ta kai wa wancan, ɗan da ke jikin itacen ba ya sakewa, ƙwayar da ke cikinsa ce ke ɗaukar baƙon jini. Maganar ba ta ɗauke shi tsawon shan shayi ba.

Na zauna a garkar ban sake tafiya ko'ina ba har kawu ya rasu. Shekara bakwai muna zaɓe, muna ware siraran, muna fatan su koma. Wata shekara sai mu ga kamar sun kusa, baɗi kuma masu kafaɗa su sake fitowa. Abin da muka samu a ƙarshe tonka ne matsakaici, mai ɗan nama, mai ɗan zafi, yana yawan 'ya'ya, yana kyau a miya, ba ya kwana damina. Ayari ya daina sauka bayan ƙauyenmu, suka koma saye a wani kwari. Kawu ya sa Inna Tsahara ta daina ɗora kaskon yashi, kuma duk wanda ya zo neman iri sai ya ɗebo ya ba shi, ya ce babu sauran abin ɓoyo. Haka wannan sabon ya bazu daga Karofane har Kaita, kuma da yake daga hannunsa aka karɓa, matan kasuwar Buza suka sa masa suna ɗan Nomau. Har yau haka suke kiransa. Na ainihin kuwa tun shekarun yaƙin ba a sake shuka shi a Adar ba, kuma cikin waɗanda suka san ɗanɗanonsa ni kaɗai na rage.